Gidajen cin abinci na zamani a Gombe: me ake dubawa kafin a ba da oda?

Hamma Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gidajen cin abinci masu gilashi da fitilu da sanyin AC sun fara yawa a garin nan, kuma ƙorafin da ake ta kawowa iri ɗaya ne: wuri ya yi kyau, hoto ya fito, amma nama ya yi tauri, dankali ya yi laƙwas, kuɗin da aka biya kuma ya wuce wanda aka gani a menu. Muna da masu sana'ar a nan. Ku taimaka mana, idan mutum zai kai iyali ko baƙi, me zai duba, me zai ci, me zai bari?

Kuku Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Hamma. Kafin kujera da fitila, a fara duba menu. Idan ka ga shafi shida ko bakwai, akwai fiza, akwai shawarma, akwai abincin Sin, akwai na Indiya, ga tuwo, ga farfesu, ga jatan lande, to ka san kicin ɗaya ba zai dafa wannan duka sabo a rana ɗaya ba. Rabinsu a firiza suke kwance suna jiran mai tsautsayi. Gidan da ya san abin da yake yi, abincinsa bai cika wuce kala 20 zuwa 25 ba, kuma za ka ga kayan haɗin suna maimaita kansu: kazar da ke cikin salak ita ce ake gasawa, tumatirin miyar taliya shi ne na miyar kifi. Haka kaya ke juyawa kullum, ba ya kwana.

Sai ka tambayi yaron sabis abin da ya fi fita a gidan. Ba abin da ya fi tsada ba, abin da ya fi fita. Shi ne sabo.

Malam Bappa Akawu: Maganar Kuku ta yi daidai da asalin irin waɗannan gidaje. Wasu a Abuja da Legas suna rubuta brasserie a allonsu, mu ce brasari. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta wurin dafa giya. Sun yawaita a Faris bayan yaƙin Faransa da Jamusawa na 1870, lokacin da mutanen yankin Alsas da ke kan iyakarsu suka kwararo birnin suka buɗe gidajen abinci, ɗaya daga cikinsu Lipp da aka buɗe a 1880 kuma har yau yana aiki. Abin da aka san brasari da shi: a buɗe yake tun rana har dare ba hutu, menu ɗaya ne bugagge ba ya canzawa kullum, abinci mai sauƙi ne kamar gasasshen nama da soyayyen dankali da kifi, kuma ana kawo shi da sauri. Mu nan mun ɗauko adon, amma tsarin nan na ɗan abinci kaɗan da aka iya sosai, shi muka bari a baya.

Malama Rabi: Bappa, tunda ka ambaci giya, a nan hankalina ya fi tsayawa. Ko gidan ba ya sayar da ita a kwalba, akwai girke-girken Turawa da asalinsu da ita ake yi. Miyar da ake zubawa a kan nama mai launin ƙasa-ƙasa, da yawa ana sa mata jan ruwan inabi mai sa maye. Tiramisu ma, wannan kayan zaƙin na Italiya, akan sa masa. Jama'a su riƙa tambaya kai tsaye, kuma su ce a tambayo mai girki, don yaron sabis sau da yawa bai san abin da ke cikin tukunya ba.

Yakubu Sabis: Gaskiya ne Malama. Akwai ma wanda mutane ba su lura da shi ba: Chapman. Haɗinsa Fanta da Sprite da jan siro da kokwamba da lemon tsami da ƙanƙara, sai a ɗiga masa Angostura, ɗigo uku ko huɗu. Wannan 'yar kwalbar mai doguwar takarda, kashi 44.7 cikin ɗari na abin da ke cikinta sinadarin giya ne, a rubuce yake a jikinta. Wanda ba ya so sai ya ce a haɗa masa ba bitas, wato ba Angostura. Ɗan ɗacin nan da ake nema ana samunsa da ɓawon lemon zaƙi da aka murza a bakin kofi.

Malama Rabi: Allah ya saka da alheri Yakubu. Wallahi mata da yawa Chapman ɗin suke yi wa yara oda.

Adda Jummai: Ni dai nama ne matsalata da waɗannan wurare. Mutum ya biya kuɗin da zai sayi kilo uku a kasuwa, a kawo masa yanka ɗaya da jini kwance a faranti. In ka ce a ƙara gasawa, a dawo maka da abu kamar fatar takalmi.

Kuku Ɗanjuma: Adda, wannan jan ruwan ba jini ba ne. Jini ya fita tun wajen yanka. Ruwan tsoka ne da sinadarin da ke ba nama launin ja, zafi ne ke mayar da shi ruwan toka. Taurin kuma dalili uku ne ke kawo shi.

Na farko, yankan da aka ɗauko. Sitek, wato gasasshen yankan naman nan mai kauri, ba da kowace tsoka ake yi ba. Wadda ke kwance a cikin gadon baya ta ƙasan ƙashi, wadda ake kira filet, ita ce ba ta aiki, ita ce mai laushi. Sai ta saman gadon baya. Cinya da kafaɗa na miya ne da farfesu, suna son wuta a hankali awa biyu ko uku. Na biyu, kwanan naman. Saniyar da aka yanka da asuba, zuwa rana namanta ya sandare. Dole ya kwanta a firji mai sanyin digiri 1 zuwa 3 na kwana biyar zuwa bakwai kafin jijiyoyin su saki. Gidan da ya sayo da safe ya gasa da daddare, komai iyawar kuku sai ya yi tauri. Na uku, kauri. Yanka ya zama santimita biyu da rabi zuwa uku, nauyin giram 200 zuwa 250. A tsane shi da tawul, a barbaɗa gishiri, a sa a kasko da ya yi zafi har ya fara hayaƙi, minti uku ko huɗu kowane gefe, sannan a sauke a bar shi ya huta minti biyar. Idan aka yanka shi da saukewa, ruwan nan duk sai ya malale a faranti, shi ne abin da kike gani. Idan kuma yankan siriri ne kamar na tsire, kafin bayansa ya yi launi cikinsa ya bushe.

Alhaji Manu Mahauci: Kuku ya faɗi gaskiya, amma a yi wa gidajen adalci kaɗan. Shanunmu, farare da bokolo, tafiya suke yi, ba a ɗaure suke ana ɗura musu hatsi ba. Tsokarsu ba ta da kitsen nan da ke ratsa ciki, kitsensu a tozo yake da ciki. Saniya guda filet biyu gare ta, kowanne kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, kuma in aka cire farar jijiyar da ke lulluɓe da shi aka datse bakinsa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Ka ga sa guda faranti nawa zai bayar? Shi ya sa yake tsada. Shi ya sa kuma in ka ga ana sayar da sitek da araha, cinya aka yanko aka bubbuga aka jiƙa a ruwan gwanda ko abarba. Za ka gane shi: bayansa ya yi luguf kamar an tauna, tsakiyarsa kuma na nan da taurinta.

Wanda ke son laushi tabbas, ya ci haƙarƙarin da aka dafa a hankali ko tozo. Waɗannan namanmu ya fi na kowa daɗi a wajen.

Maman Hanif: Kuku, ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba a maganar barin ja a tsakiya. A ƙasashen da ake cin haka, ana duba kowace gawar saniya, sanyi kuma ba ya yankewa daga mayanka zuwa kicin. A nan akwai tsila, tsutsar cikin da 'ya'yanta ke zama a tsokar shanu. Abu biyu ke kashe su: zafi ya ratsa tsakiyar nama, ko a daskarar da shi a digiri 10 ƙasa da sifili na kwana goma. Ma'aunin da aka yarda da shi, tsakiyar yankan naman sa ya kai digiri 63 a bar shi ya huta minti uku, niƙaƙƙen nama irin na baga digiri 71, kaza kuma 74. Baga ba a barinsa da ja ko kaɗan, don niƙa ya riga ya cusa ƙwayoyin cutar da ke bayan naman cikin tsakiyarsa. Mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi, a gasa musu ya nuna sarai.

Kuku Ɗanjuma: Na karɓa Maman Hanif. A digiri 63 ɗin ma tsakiyar tana da ɗan ruwan hoda, kuma da laushinta. Shi ake cewa midiyom. Ba na ba kowa shawarar ƙasa da haka sai ya san inda gidan ke samo nama. Kuma kicin ɗin da ba shi da ma'aunin zafi mai tsinke da ake soka wa nama, da ƙa yake aiki.

Hamma Sadiƙ: To dankalin fa? Shi ne aka fi kuka da shi.

Kuku Ɗanjuma: Suya biyu ake masa. Dankalin Jos, a yanka kaurin santimita ɗaya, a jiƙa a ruwan sanyi minti 30 sitacin ya fita, a tsane shi ƙarau. Suyar farko a mai mai zafin digiri 150, minti biyar zuwa shida, ya nuna ba tare da ya yi launi ba. A baza shi ya huce. Sai an yi oda a mayar da shi a digiri 185, minti biyu ko uku. Abin da ke ɓata shi: a cika kwandon suya har zafin mai ya faɗi sai ya sha mai, ko a soya tun yamma a rufe a kwano tururi ya kashe shi, ko a ajiye shi yana jiran nama minti goma. In ya zo da duhu-duhu da ɗaci a ƙarshen harshe, man ya tsufa. In ya yi ja da wuri alhali cikinsa ɗanye, dankalin ya daɗe a sanyi sitacinsa ya koma sukari.

Maman Hanif: Bari in ƙara abin da ya fi nama haɗari, don mutane ba sa zarginsa: shinkafa da salak. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a wannan tsakani, a zafin Maris da Afrilu na Gombe kuwa awa ɗaya ne. Soyayyar shinkafa mai hanta da koren wake da karas ita ce ta fi saurin juyawa. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa a shinkafa, in ta huce a waje sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Amai ne ke biyo baya cikin 'yan awanni. Idan faranti ya zo gefe da zafi tsakiya da ɗumi-ɗumi, a na'ura aka ɗumama. Idan ƙwayar shinkafar ta fara yauƙi ko ɗan tsami, a mayar, ba kunya a ciki.

Kabeji mai mayonis dole ya zo da sanyi. In ruwa ya kwanta a ƙasansa, ya kwana. Sannan ku leƙa banɗaki kafin ku yi oda. In ba sabulu da ruwa a inda baƙo ke gani, ku yi tunanin inda ba ya gani.

Tambaya ɗaya da ya kamata a riƙa yi wa manaja, cikin mutunci: in an ɗauke wuta da tsakar dare bayan an tashi, me ke riƙe firji? Wasu gidajen janareta na AC ne da fitila lokacin da baƙi ke nan, da an rufe sai a kashe. Kaya su narke da dare, su sake daskarewa da safe.

Adda Jummai: Shi ya sa nake mamakin masu cin jatan lande a Gombe. Daga teku zuwa nan tafiyar kwana ce a mota.

Kuku Ɗanjuma: Ana iya samun mai kyau in daskararre ya zo bai taɓa narkewa ba. Namansa ya zama da tsauri yana ɗan ƙaras a haƙori. In ya yi taɓo-taɓo, ko kansa ya yi baƙi, ko yana wari mai hawa hanci kamar fitsari, a bar shi. Amma ni dai ga madatsar ruwan Dadin Kowa kusa, karfasa da tarwaɗa na shigowa. Karfasa mai giram 600 zuwa 800, a tsaga jikinta sau uku kowane gefe, a cusa citta da tafarnuwa da attaruhu, minti 20 zuwa 25 a kan gawayi. In an ba ka damar zaɓa kafin a gasa, duba ido ya zama garau ba hazo, ɗaga murfin kunnen ka ga ja ne, danna jikinta da yatsa ka ga ya dawo. Kuma in aka kawo maka gasasshen kifi guda cikin minti bakwai, ba yanzu aka gasa shi ba.

Adda Jummai: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda suke raina namu. Masa fa? Baƙo ya taso daga Legas ya zo Gombe, taliyar Italiya zai nema? Shinkafar tuwo a jiƙa, a niƙa da dafaffiya kaɗan, a sa yis ta kwana ta tashi, a soya a tanda a gaban mutum, a kawo da miyar taushe ko da ƙuli. Ba abin da ke menu ɗinsu da zai kama ƙafarta. Amma sai su sayo ta safe a bakin titi su ɗumama su jera guda uku a babban farin faranti.

Malam Bappa Akawu: Adda, lissafi ne ya hana su. Tanda na son mutum ɗaya tsaye a kanta, kuma ba wanda zai yarda ya biya kuɗin AC a kan masar da ya san farashinta a unguwa. A wannan sana'a, kayan abincin da ke faranti kusan kashi ɗaya ne cikin uku na kuɗin da aka rubuta. Sauran na dizal ne da gas da haya da albashi da abin da ya lalace.

Adda Jummai: To ai shi ya sa masa ta fi riba, Bappa. Kayanta ba su kai na sitek ba ko kusa. Su gwada ranar Asabar da safe kawai su gani.

Malam Bappa Akawu: Wannan kuma kin yi gaskiya. Bari in zo kan bil, tunda Hamma ya ambata. Harajin VAT kashi 7.5 ne cikin ɗari tun Fabrairun 2020. Kuɗin sabis kuma gida ne ke sa shi, yawanci kashi 5 ko 10. A duba ƙasan menu, a nan ake rubutawa da ƙananan haruffa ko farashin ya haɗa da su ko bai haɗa ba. A ce abincinku ya kama naira 40,000. VAT 3,000, sabis na kashi 10 kuma 4,000, jimla 47,000. Wasu na'urorin sai sun haɗa sabis sannan su ɗora haraji a kai, ya zama 3,300 maimakon 3,000. Don haka wanda ya ware 40,000 cif, odarsa kada ta wuce ta 33,800.

A karanta bil layi-layi kafin a miƙa kati. Ruwan roba da aka buɗe ba a tambaya ba, ƙarin miya, robar da aka zuba ragowar abinci, kuɗin yanka kek ɗin da aka shigo da shi daga waje, duk nan suke ɓoyewa. In za a yi tiransifa, sunan asusun ya zama na gidan. In POS ta ce bai shiga ba alhali an cire, a karɓi takardar da ta fitar a ɗauki hotonta kafin a sake biya.

Yakubu Sabis: Kuɗin sabis ɗin nan ba a ko'ina yake isa hannun yara ba. Wanda ya ji daɗin hidima yana son ya yi alheri, ya ba wa yaron a hannu.

Ga abin da ke sa a jira awa guda, don ba kullum laifin kicin ba ne. Oda takarda ce, bi da bi ake ɗauka. Teburin mutum takwas da suka yi oda kala takwas, biyu suka canza ra'ayi bayan minti goma, takardarsu ta koma baya. Kuma ƙa'ida a fito da abincin tebur lokaci ɗaya, don haka mai taliya dole ya jira mai gasasshiyar kaza. In kun wuce shida, ku kira tun da rana ku kama tebur, ku tura odar, kada ku wuce kala uku ko huɗu. Cunkoso bayan isha'i ne, musamman Juma'a zuwa Lahadi da kwanakin sallah. Tsakanin la'asar da magariba kicin a natse yake, man suya ma sabo ne. In da yara, a ce a fara fito da nasu. In wani gyaɗa na masa illa, a faɗa tun farko, don yajin ƙuli da man gyaɗa suna shiga wurare da yawa.

Wurin zama, a guji ƙarƙashin bakin AC, minti biyar kitsen nama ya daskare a faranti. A guji bakin ƙofar kicin. In da surukai ko mata masu niƙabi, a nemi lungu ko ɗaki tun a waya, a kuma tambayi wurin alwala da salla.

Goggo Asabe: Yakubu ɗana, waɗannan cokula da wuƙaƙe da ake jerawa fa? Su ke hana irinmu zuwa. Ga shi an ce cokali mai yatsu a hagu ake riƙewa, mu kuma ba ma ci da hagu.

Yakubu Sabis: Goggo, ba wanda zai sa ki ci da hagu. Ki riƙe mai yatsun a hagu ki danne naman, ki yanka loma uku ko huɗu da wuƙa a dama, ki ajiye wuƙar a gefen faranti, ki mayar da cokalin dama ki ci. Mutanen Amurka ma haka suke yi. In an jera da yawa, daga na waje ake farawa a shigo ciki. In kin gama, ki haɗa wuƙa da cokali wuri ɗaya a kan faranti, yaro zai gane ya ɗauke. In kin bar su a ware, zai ɗauka kina ci. Kifi da kaza kuwa, ki ce a kawo miki ruwan wanke hannu ki ci abinki da hannu, ko ki ce a yanka miki naman tun daga kicin.

Goggo Asabe: Allah ya yi maka albarka. Ragowar kuma, abin kunya ne a ce a ƙunsa?

Maman Hanif: Ko kaɗan Goggo, kuɗinki ne, barinsa ma almubazzaranci ne. Amma a zaɓa. Nama da kaza da kifi a ɗauka, a sa a firji da isa gida, gobe a ɗumama har tururi ya fito daga tsakiya. Salak mai mayonis a bar musu. Shinkafa kuma a lissafa tun daga lokacin da aka ajiye ta a tebur: in an yi awa guda ana hira, ga tafiya zuwa Tunfure ko Pantami, ga shi ba wuta a gida, gara a ba maigadi ko wani ya cinye ta nan take da a kai ta safiya.